Ɗana, Auna Kafin Ka Tsira Mata Allura

Ɗana, tunda likitan dabbobi ya tabbatar maka magenka tana da ciwon suga, ya kuma ɗora ta a kan allurar insulin safe da yamma, to zauna mu yi magana. Na san a unguwa ba za a rasa mai cewa mutane ma ba su samu magani ba balle kyanwa. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Dabbar da ka ajiye a gidanka amana ce a wuyanka, kuma ko yaron Islamiyya ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Kai ta asibiti da ka yi, Allah ya saka maka da alheri. Abin da nake jiye maka tsoro shi ne ka riƙa ɗirka mata allura kullum alhali ba ka san abin da ke gudana a cikin jininta ba.

Insulin yana ceton rai, kuma idan ya yi yawa yana kashewa. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da shi a birnin Toronto na Kanada, suka gwada a jikin karnuka, kuma ba a daɗe ba masu binciken suka lura zomayen gwaji suna faɗuwa suna shure-shure idan an ba su fiye da kima, su kuma farfaɗo da zarar an ɗura musu suga. Har gobe haka maganin yake. Aikinsa shi ne ya sa tsoka da kitse su karɓi sugan da ke yawo a jini. A jikin mai lafiya, wata gaɓa da ke kwance kusa da tumbi da hanji, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke sakin sa daidai buƙata, ta ƙara bayan an ci abinci, ta rage idan ciki ya zama fayau. Wanda ka tsira da sirinji kuwa, in ya shiga ya shiga. Ba ruwansa da ko ta ci ko ba ta ci ba, ko ta amayar da abin da ta ci. Aikin lissafin da fankiriyas ke yi a da, yanzu ya dawo hannunka, kuma ba ka da hanyar yin sa sai da awo.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sha'ani ido ba ya isa. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Suganta zai iya sauka ƙasa sosai ka gan ta kwance a inuwa ka ɗauka barcin rana take yi, tunda dama barci sana'arta ce. Kada ka bari sai ta fara tangaɗi sannan ka sani.

Bari in ba ka lambobin, ka rubuta su a bangon littafi. Sugan kyanwa mai lafiya yakan tsaya wajen 80 zuwa 120, wani lokaci ya ɗan haura, a ma'aunin mg/dL da yawancin na'urorinmu na awon suga ke nunawa. Idan ya wuce wajen 250 zuwa 290 sai ƙoda ta gaza riƙe shi, ya zubo cikin fitsari, ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa suke fitowa, da ramar da ka gani duk da ci kamar gara, da kiyashin da ke taruwa inda ta tsuguna. Idan kuma ya sauko ƙasa da 70 an shiga yankin da za ka buɗe ido, ƙasa da 60 kuwa haɗari ne. Burin likita a wurin mage mai shan allura shi ne ta wuni yawancin sa'o'inta ƙasa da inda ƙoda ke zubarwa, sannan inda ta fi sauka ya tsaya tsakanin 80 da 150. Ka kuma duba ma'aunin da na'urarka ke magana da shi. Wasu na'urorin, musamman waɗanda aka shigo da su daga Ingila, mmol/L suke nunawa, sai ka ninka da 18: in ka ga 15, to 270 ke nan, ba ƙasa ta yi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma sukan ga g/L a takardun gwaji, inda 1 ke nufin 100. Duk lokacin da za ka faɗa wa likita lamba, faɗa masa har da ma'aunin.

Za ka ce, to me zai hana in riƙa kai ta asibiti a auna? Ka riƙa kai ta, amma awon asibiti kaɗai yana yaudara. Kyanwa in ta tsorata suganta na tashi, har ya kai 300 ko fiye, ko da lafiyarta ƙalau. Ka saka ta a kwando, ka hau keke-napep da ita cikin rana da ƙarar hon, ka sauke ta a ɗaki mai warin karnuka, baƙon hannu ya danne ta, sannan ka ce lambar da ta fito ita ce ta kullum? In aka dogara da ita aka ƙara insulin, sai a koma gida hankalinta ya kwanta, maganin ya yi mata yawa. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da wani gwajin jini mai suna furuktosamin, wanda ke nuna matsakaicin sugan mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, tsoron yini ɗaya ba ya motsa shi. Shi ma yana da iyakarsa, domin matsakaici ba ya faɗa maka cewa da tsakar rana tana faɗawa 50 sannan da dare ta haura 400. Wannan sai awon gida.

Awon gida ba wuya gare shi ba in ka saba. Ka zaɓi lokacin da take kwance a natse, ka ɗora ta a cinyarka ko a kan tabarma tsakanin ƙafafunka. Ka ɗaga kunnenta ga haske, za ka ga wata siririyar jijiya ja tana bin gefen kunnen. Kunne mai sanyi ba ya ba da jini, don haka ka fara ɗumama shi: ka murza a hankali da yatsu, ko ka ƙulla 'yar shinkafa a safa ka ɗumama ta kaɗan, ka gwada a wuyan hannunka tukuna, sannan ka riƙe a jikin kunnen kamar minti ɗaya. Da hunturu wannan ya zama dole. Ka shafa Vaseline ɗan mitsitsi a wurin don ɗigon ya dunƙule kada ya bazu cikin gashi. Ka sa tsinken awo a na'ura ya zama a shirye. Ka tokare bayan kunnen da dunƙulen auduga, don kada ka huda yatsanka, sannan ka tsira 'yar allurar nan irin wadda masu ciwon suga ke huda yatsa da ita, a tsakanin jijiyar da bakin kunne. Ɗigon da ake buƙata bai kai ƙwayar gero ba. Ka kai bakin tsinken gare shi ya zuƙa da kansa, ka danne wurin da auduga na ɗan lokaci don kada ya yi tabo, sannan ka ba ta wani abu da take so, ɗan yankin dafaffen nama ko kaza marar gishiri. Ka ba ta ko an samu jini ko ba a samu ba. Kwanakin farko za ta girgiza kai ɗigon ya tashi, za ka ɓata tsinke, ranka zai ɓaci. Ka sake ta, ka dawo an jima. Kada ka bi ta da gudu, kada ka danne ta da ƙarfi, domin in ta haɗa ganin na'urar da faɗa, ka rasa ta, kuma tsoron ma zai ɓata lambar. Wadda ba ta yarda a taɓa mata kunne, ana iya samu a tattausan naman tafin ƙafarta. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai na'urar da aka ƙera don dabbobi, irin su AlphaTrak, amma in ba ka same ta ba, ta mutane da ake sayarwa a kemis za ta yi aiki. Abin lura shi ne ta mutane takan nuna lamba ƙasa da gaskiya a jinin kyanwa, saboda yadda suga ke rarrabuwa a jinin mage ya bambanta da na ɗan Adam. Ka tsaya a kan na'ura ɗaya, ka sanar da likita wacce ce, in da hali ka tafi da ita asibiti a gwada ta da tasu a kan jini ɗaya. Kafin ka sayi kowace, tambayi mai shago ko tsinkenta na samuwa kullum, don na'urar da babu tsinkenta kayan ado ce. Tsinken kuma ba ya son zafi da laima. Ka rufe kwalbarsa ruf, ka duba ranar lalacewarsa, kada ka bar shi a mota. Masu hali suna amfani da FreeStyle Libre na kamfanin Abbott, wani ɗan faifai da likita ke mannawa a fatar da aka aske, yana awo dare da rana har kwana 14, in magen ba ta kankare shi ba kafin nan. Ruwan ƙarƙashin fata yake aunawa, don haka yakan ɗan yi jinkiri, kuma in ya nuna ƙasa sosai ka tabbatar da jinin kunne.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Lamba ɗaya ba ta ba da labari. Bayan allura suga kan fara sauka, ya kai ƙarshen saukarsa bayan wasu sa'o'i, sau da yawa wajen tsakiyar tazarar allurai biyu, sannan ya sake hawa. Wannan wuri da ya fi sauka shi ke nuna ko awon maganin ya yi daidai. Don haka lokaci zuwa lokaci, musamman mako ɗaya zuwa biyu bayan an fara ko an sauya awo, likita zai ce ka ware yini guda ka auna tun kafin allurar safe, sannan duk bayan awa biyu, ko uku zuwa huɗu in insulin ɗin mai dogon aiki ne, har lokacin ta yamma. A ce da safe ka ga 340, sai zuciyarka ta ce ƙara mata. Amma da ka auna da azahar, mai yiwuwa 65 za ka gani. Magen da ke sauka 65 ragi take buƙata. Yakan ma faru suga ya faɗi sosai, sai jiki ya firgita, hanta ta saki ajiyarta, ya yi tsalle sama ya daɗe a can. Likitoci na danganta wannan da sunan Michael Somogyi, masanin da ya bayyana shi. Wanda ya auna a kan tsallen kawai zai ƙara magani, faɗuwar gaba ta fi ta baya muni. Saboda haka ina roƙonka, kada ka ƙara ko da rabin yunit na insulin da ra'ayin kanka. Yawancin maguna da yunit 1 sau biyu a rana ake fara su, ka ga rabin yunit a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. Jiki na buƙatar kwanaki kafin ya zauna a kan sabon awo. Suga mai yawa yana cin jiki a hankali cikin makonni, wanda ya faɗi kuwa yana iya gamawa da ita kafin ka dawo daga kasuwa.

Ka nemi likita ya faɗa maka lamba guda ƙarara: in na auna kafin allura na ga ƙasa da nawa zan dakata in kira ka? Ka tambaye shi kuma abin da za ka yi ranar da ta ƙi cin abinci ko ta yi amai. Kada ka fita daga ofishinsa sai da amsoshin nan biyu a rubuce, da lambar wayarsa.

In har abin ya faru, ka gan ta tana tafiya kamar mai jiri, ko jikinta na rawa, ko ta zuba ido ba ta gane ka ba, ko tana kuka irin wanda ba ka saba ji ba, in tana iya ci ka ba ta abinci nan take. In ba ta iya ci, ka lakaci zuma ko sikari da aka dama da kauri ka goga mata a dasashi. Kada ka ɗura ruwa a bakin wadda ta suma, zai bi ta hanyar numfashi, kuma ka yi hattara da yatsanka in tana shure-shure. Sannan ka ɗauke ta sai asibiti ko da ta farfaɗo, domin ƙarfin zuma na minti kaɗan ne, insulin kuwa yana nan yana aiki na sa'o'i. Ka ajiye 'yar kwalbar zuma kusa da sirinji, kowa a gidan ya san wurin da amfaninta.

Yawancin irin wannan haɗari a gida ake haɗa shi. Uwargida ta yi allura, kai ka dawo daga masallaci ba ka sani ba ka sake yi. Mutum ɗaya zai riƙe aikin, kuma wanda ya yi ya sa alama a littafi nan take. In ka tsira ka ji gashin ya jiƙe, kana shakkar ko maganin ya shiga, kada ka sake. A bar ta zuwa lokaci na gaba ya fi sauƙi a kan a ninka mata. Sai batun sirinji, wanda nan ne mutanen kirki da yawa suke faɗawa. Insulin ɗin dabbobi irin su Caninsulin da ProZinc yunit 40 ne a kowace mililita, Lantus na mutane da ake yawan rubuta wa maguna kuwa yunit 100 ne. Kowanne da sirinjinsa, an rubuta U-40 ko U-100 a jiki. In ka zuƙi Lantus da sirinjin U-40 ka tsaya a kan 2, yunit 5 ka ba ta. Idan mai kemis ya ce ai duk ɗaya ne, ka yi masa godiya ka tafi wani shagon. Tazarar allurai kuma awa 12 ce ta agogo. Ka zaɓi bakwai da bakwai ko shida da shida, ka sa wayarka ta tuna maka, har da watan azumi da tsarin gida ke juyawa.

Ajiyar maganin ma tana shiga lissafi. Firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma in ya daskare ya lalace. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, ga zafin bazara ya haura digiri 40, kwalba na iya rasa ƙarfinta ba tare da kamanninta sun sauya ba. Sai lambobi su hau, a yi ta ƙara awo, ranar da aka buɗe sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi kuma magen ta faɗi. Duk ranar da ka buɗe sabuwa, ka ƙara awon tsakar rana. In firji ya gagara, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, ta fi barin kwalbar a kan taga nesa ba kusa ba, ko da yake sanyinta bai kai na firji ba.

Abinci kuwa, kyanwa maciya nama ce tun halittarta. Sauran tuwo da shinkafa da biredi da muke tura mata duk sitaci ne, suga suke komawa, miyar da ke kansu kuma da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin mage. Mayar da ita kan abinci mai yawan nama da ƙarancin sitaci yana cikin maganin. Sai dai ka sani, da zarar ka sauya, buƙatarta ta insulin za ta iya raguwa cikin 'yan kwanaki, don haka sauyin abinci da shawarar likita ake yin sa, da awo a kai a kai. In mai ƙiba ce, a hankali za ta rage. Kada ka sa ta yunwa, don kyanwa mai ƙiba in ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse na taruwa a hantarta. Kuma don Allah kada ka ba ta ƙwayar sugan kakarka, ko farasitamol in ka ga jikinta ya yi zafi. Farasitamol guba ne ga kyanwa.

Akwai albishir a cikin wannan ciwo, kuma shi ma dalili ne na awo. Ciwon sugan mage ya fi kama da irin wanda manya ke kamuwa da shi, yana yawan samun mai ƙiba, mai shekaru, namiji dandaƙaƙƙe, marar motsi, ko wadda aka daɗe ana ba ta magungunan sitiroyid. Yawan suga a jini shi kansa yana gajiyar da fankiriyas. In aka sauke shi da wuri aka gyara abinci, gaɓar kan huta ta dawo aiki, har wasu maguna su daina buƙatar allura gaba ɗaya, galibi cikin watannin farko. Ranar da hakan zai faru ba ta aiko da sanarwa. Mai awo zai ga lambobin safe suna saukowa mako bayan mako, ya kai wa likita a rage har a tsayar. Wanda ba ya awo zai ci gaba da tsira wa mai lafiya insulin.

Ɗaya ɓangaren kuma, in suga ya daɗe a sama jiki ya koma ƙona kitse, wani abu mai suna kiton yakan taru a jini. Alamarsa ita ce ta daina ci, ta yi amai, ta kwanta lakwas. Akwai tsinken fitsari da ke nuna shi, yana da kyau ka ajiye. In ya nuna, ba a kwana a gida. Asibiti za ka nufa, kuma asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri suna nan ga wanda ke kusa. Kada dai ka dogara da tsinken fitsari wajen awon suga. In ya nuna babu, bai faɗa maka ko 120 take ko 40 ba. Ka kuma lura da tafiyarta. Mage a kan yatsu take takawa. In ka ga tana dafa ƙasa da dunduniyar ƙafafun baya, suga ya taɓa jijiyoyi, a gaya wa likita.

Na san kuɗin tsinke na da nauyi, kuma ba zan ce ka hana 'ya'yanka abinci don shi ba. In ba za ka iya awo sau biyu kullum ba, ka faɗa wa likita gaskiya, ku tsara inda tsinken zai fi amfani: kafin allura, da tsakar rana lokaci-lokaci, da duk ranar da wani abu ya sauya. Sauran kuma ido da littafi za su taimaka kyauta. Ka riƙa zuba mata ruwa da kofi ɗaya sananne, ka ga abin da ya rage kashegari. Ka hau sikeli da ita a hannu duk mako, ka sauke ta ka sake hawa, ka cire. Ka ja layuka a littafin makaranta: kwanan wata, lokaci, lamba, yunit nawa, me ta ci, yaya ka gan ta. Wannan littafin za ka miƙa wa likita duk zuwa, kuma da shi zai yanke hukunci.

In tafiya ta kama ka, kada ka bari sai daren tafiya ka nuna wa ƙaninka sirinji. Tun saura mako ka zaunar da shi, ya huda kunnen da hannunsa kana kallo, ya zuƙi maganin ka duba layin da ya tsaya, ya karanta maka lambar da in ya gani zai dakata. Ka bar masa littafin, da zumar, da lambar likita, ka kuma ce ya turo maka hoton shafin kowace rana ta WhatsApp bayan allurar yamma.